PZ, gidan Ɗantata da injin kakana: me ke sa sana'ar gida ta wuce jikoki?

Ɗan_Muchiya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da yamma ina cikin keke napep da ɗiyata a nan Zariya, mai keken yana ta kiran "PZ! PZ!", sai ta juyo ta ce min, "Baba, wai mene ne PZ ɗin nan?" Sama da shekara arba'in ina hawa ina sauka a wurin, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Da muka koma gida na bincika. Ashe harufan farko ne na sunayen wasu Turawa biyu, George Paterson da George Zochonis, waɗanda suka kafa kamfaninsu a 1884, suka fara kasuwanci a Saliyo, suka shigo Najeriya a 1899. Kantinsu ne ya bar wa wurin suna. Kamfanin na nan da ransa, shi ke yin sabulun Premier da Joy da man Robb, kuma dangin Zochonis har gobe suna da kaso mai tsoka a ciki.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana da injin matsar man gyaɗa da injin niƙa biyu, ma'aikata sun kai ashirin. Ina yaro na sha zama a kan buhunan gyaɗa ina kallon bel ɗin injin yana zagayawa, ƙamshin man da ke tsiyaya cikin duro ya cika layin baki ɗaya. Ya rasu, ba a yi shekara uku ba aka sayar wa 'yan gwangwan da injin, a kan sikeli aka auna shi kamar dusa. Yau shaguna ne a wurin, babu ko allo mai sunansa.

To ina tambaya, don Allah a ba ni amsa ta gaskiya: me ya sa kamfanin wasu ke wuce shekara 140, namu kuma ke bin mai shi kabari? A Zariyar nan akwai masana'antar gida ɗaya da ta kai hannun jikoki tana aiki?

Baba_Reluwe:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tuna min da nisa. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ni ma a nan na yi ritaya. Duk kantunan nan jirgi ne ya kawo su. Layin da ya taso daga Baro ya ratso ta Zariya ya isa Kano a 1911, a shekarar da ta biyo aka buɗe shi ga 'yan kasuwa. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda. Zariya ta zama mahaɗa. Shi ya sa Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, kamfanoni irin su PZ da John Holt suka jera kantuna suna sayen auduga da gyaɗa da fata, suna sayar da atamfa da gishiri da kwano. Lokacin kaka idan ka tsaya a tasha, ba ka ganin ƙasa saboda buhuna.

Abu_Hanan_Kano:
Malam Ɗan_Muchiya, ba sai ka je Saliyo neman misali ba. Ka hau titin Kano, kafin ka shiga birni za ka wuce mararrabar da ke kaiwa Bebeji. A can aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, wata tsohuwa mai suna Tata ta raine shi, daga nan sunan ya samo asali. Ya fara da fataucin goro daga ƙasar Gwanja, ya zauna a Ankara ta ƙasar Gana, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bin ayari wata da watanni. Da jirgin da Baba ya ambata ya iso Kano, sai ya koma sayen gyaɗa yana ba kamfanonin Turawa. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ya rasu a 1955. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ɗora, kuma Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Ka ƙirga: tsatso huɗu ke nan. Wannan ba wasan Kanawa da Zage-zagi nake yi ba, gidan Bahaushe ne, kuma abin alfaharinmu ne duka.

Injiniya_Samaru:
Abu_Hanan, na yarda da tarihin, amma a yi gyara kaɗan. Tambayar a kan masana'anta take, shi kuwa Alhassan ɗan kasuwa ne, saye da sayarwa ya yi. Sannan kamfanin Ɗangote ba shi ne Alhassan Dantata & Sons ba. Kamfani ne daban da Aliko ya fara a 1977 da jarin da ya samu rance a dangin uwarsa, kuma shi ma ya daɗe yana shigo da sukari da shinkafa da siminti kafin ya gina masana'anta irin ta siminti da ke Obajana. Haka Abdussamad Rabi'u, BUA ɗinsa ya kafa a 1988, ba kamfanin mahaifinsa Halifa Isyaku Rabi'u ya ci gaba da juyawa da sunansa ba. Saboda haka abin da ya gangaro a gidajen nan ba injin ba ne, ba kuma ginin ba. Tarbiyyar kasuwa ce, da jari, da sunan da idan ka ambata ake ba ka kaya bashi.

Abu_Hanan_Kano:
Haka ne Injiniya, ban musa ba. Amma kamfanin asali ma bai mutu da mai shi ba. Kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya yi masu wasiyyar su haɗa kai kada su bari ya wargaje. Ɗansa Ahmadu ya riƙe, bayan shi Alhaji Aminu ya karɓa a 1960, ya shiga gine-gine da masana'antu, har ya rasu a watan Yunin 2025 yana da shekara 94, aka binne shi a Madina. Shekara 70 bayan mahaifinsa sunan na tsaye.

Maman_Sadiya:
Allah ya jiƙan magabata. Ni dai tambayata, dole sai abu ya yi hayaƙi da bututu kafin a kira shi masana'anta? Kakata a cikin birni tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mahaifiyata ta gada, ni ma yanzu shi nake yi, ɗiyata ta fara kama min. Turmin da nake murza tunkuza a ciki na kakata ne, bakinsa ya lashe ya yi sumul saboda hannu. Daga wannan sana'ar aka yi wa mata bakwai kayan ɗaki, aka biya wa yara uku kuɗin jami'a. Tsatso huɗu mu ma. Ba wanda ya taɓa rubuta mu a jarida.

Ɗan_Muchiya:
Hajiya Maman_Sadiya, wallahi kin faɗi abin da ban yi tunaninsa ba. Kakana ma a wurin mata irinku ya fara sayen mai yana kaiwa kasuwa kafin ya sayi inji. Nasa ya mutu, naku na nan.

Maman_Sadiya:
Saboda namu ba a raba shi gado, ɗan'uwa. Wa zai kai turmi kotu?

Ustaz_Tudun_Wada:
Bismillah. Na ga zancen ya doshi gado, kuma na san inda yakan ƙare, wato a ce rabon gado ne ke kashe mana dukiya. Ina roƙon mu yi hattara. Shari'a ta ƙayyade wa kowane magaji rabonsa: mata ko matan mamaci ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, ɗa namiji rabon 'ya'ya mata biyu, da sauransu. Amma ba ta ce a ɗauko guduma a farfasa inji ba. Magada baligai masu hankali suna da ikon su yarda su zauna cikin tarayya, kowa ya san kasonsa, a ci gaba da aiki, a riƙa raba riba gwargwadon kason. Wanda ya matsu yana son kuɗinsa, 'yan'uwansa su yi wa kasonsa ƙima ta adalci su saya. Inda ake kaiwa ga sayar da abu gaba ɗaya shi ne idan ba ya rabuwa sai da ɓarna, wani magaji kuma ya nace a raba, sauran suka kasa sayen nasa.

Abin da na gani da idona a zaman rabon gado da dama ba laifin hukuncin ba ne. Rashin amana ne. Babban wa ya ce "a bar shi a hannuna in juya mana", shekara biyar ƙannensa mata ba su ga ko sisi ba, marayu na yawo ba kuɗin makaranta. Ranar da suka gaji suka ce a raba, sai a ce su suka kashe kamfanin baba. A'a, wanda ya danne haƙƙinsu shi ya kashe shi.

Gimbiyar_Kwarbai:
Malam, Allah ya saka da alheri. Kamar gidanmu kake faɗi. Mahaifinmu yana da gidan burodi, tanda biyu, motar rabawa uku. Mu goma sha huɗu ne, ɗaki uku. Yayanmu ya riƙe shekara shida. Duk sallah sai ya aiko mana da turmin atamfa da kwalin taliya, shi ke nan rabonmu. Ranar da na ce, "Yaya, don Allah a nuna mana littafi," sai ya ce raini ya shigo gida. Daga wannan ranar zumunci ya yi rauni, har aka je gaban alƙali. Yau ba burodin, gaisuwar ma da ƙyar. Da ya nuna mana littafin nan, ko asara ce a ciki, da mun haƙura mun zauna.

Sani_Dogo_77:
Gidan mata da yawa shi ne matsalar, a daina kwana-kwana.

Abu_Hanan_Kano:
Sani, gidan Ɗantata ma ba ɗaki ɗaya ba ne, babban gida ne mai 'ya'ya da yawa. Ga shi bai watse ba.

Lauya_Hanwa:
Ina so in ɗora a kan maganar Malam ta fuskar doka. Yawancin abin da iyayenmu ke kira kamfani, a takarda ba kamfani ba ne. Sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista, wasu ko wannan babu. Filin da sunan Alhaji, injin da sunan Alhaji, asusun banki da sunan Alhaji. Ranar da ya cika banki zai rufe asusun har sai an kawo takardar kotu, wata shida ba a sayi gyaɗa ba, ba a biya ma'aikata ba, abokan ciniki sun koma wani wuri. Ko magada sun haɗa kai, abin ya riga ya suma.

Kamfanin da aka yi wa cikakkiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kuwa, doka na kallonsa a matsayin mutum mai zaman kansa. Shi ya mallaki filin da injin. Idan mai shi ya rasu, hannun jarinsa ake rabawa bisa ƙa'idar gado, daidai yadda Malam ya zayyana, injin kuma na ci gaba da juyawa. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar ya yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai. Wannan shi ne sirrin PZ da Malam Ɗan_Muchiya ya fara da shi: Paterson da Zochonis sun mutu tuntuni, amma abin da suka bari hannun jari ne, ba kanti da za a ja igiya a raba ba.

Tsohon_Masaƙa:
Duk na karanta, amma ku yi haƙuri, kuna magana kamar a ƙasar da komai ke tafiya daidai. Na yi shekara 19 a masaƙa a Kaduna. Masaƙar Kaduna ta farko an buɗe ta a 1957, zamanin Sardauna. Tana da rajista, tana da daraktoci, tana da akantoci, ba wanda ya raba ta gado. Ina take yau? Tun 2002 ta tsaya. Babbar ta Kakuri, UNTL, ta rufe a 2007. Dubban mutane muka dawo gida. Wutar lantarki babu, baƙin mai ya yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Idan giwaye sun faɗi a wannan dajin, injin man gyaɗan kakan Ɗan_Muchiya ne zai tsira? Ka duba shekarar da ya rasu, ɗana. Ina kyautata zaton injin ya fara tari tun yana raye.

Ɗan_Muchiya:
Baba, a ƙarshen shekarun 1980 ya rasu. Kuma gaskiya ne, mahaifina ya ce a shekarunsa na ƙarshe injin kwana uku yake aiki a mako.

Malamin_Gona:
To ka gani. Gyaɗar kanta ta riga ta gudu. Farin 1972 zuwa 1974 ya daki Arewa, sai cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Kuɗin fetur ya zo, hankalin gwamnati ya bar gona. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injin da ake kawowa daga Ingila suka ninka kuɗi. Auduga ma haka. Turawa sun kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta a 1902 don masaƙunsu su samu auduga, suka gina gidan gurza a Zariya tun farkon zuwan jirgi, tashar binciken gona ta Samaru ta fara a 1922, ita ce ta zama cibiyar IAR lokacin da aka kafa jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sarƙa ce: manomi, mai gurza, mai matsar angurya, masaƙa, ɗan kasuwa. Da ƙarfe ɗaya ya tsinke sai duk ta zube. Gidajen da suka tsira su ne waɗanda suka sauya sana'a da wuri. Da 'ya'yan Ɗantata sun ce su gyaɗar babansu kawai suka sani, da tare da dalar suka tafi.

Injiniya_Samaru:
Wannan batun sauya sana'a shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ku dubi Toyota da ke cike da titunanmu. Asalinta masaƙa ce. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne, yana kallon mahaifiyarsa tana wahala da saƙar hannu, sai ya duƙufa gyaran abin saƙa har ya ƙera injin da ke tsayawa da kansa idan zare ya tsinke. Ya kafa kamfanin injin saƙa a 1926. A 1929 suka sayar wa wani kamfanin Ingila haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro bai ce dole sai saƙa ba, ya karkata ga mota, Toyota ta tsaya da ƙafarta a 1937. Jikan Kiichiro, Akio, ya shugabanci kamfanin daga 2009 zuwa 2023, kuma tsakaninsu an yi shugabanni da dama da ba 'yan gidan ba. Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ma haka, gidan sun fara da sarrafa ƙarfe a 1810, suna yin zarto da injin niƙa gahawa, suka yi keke, kafin mota.

Mu fa? Muna da masaƙa, da marina, da maƙera, da majema tun kafin Bature ya san hanyar nan. Amma ɗan maƙeri da ya karanta injiniya a Samaru ba ya komawa maƙera ya ɗaga ta, Abuja yake tafiya neman aikin ofis. Ni kaina haka na yi, kuma abin na damuna.

Mai_Aska_Takwas:
Injiniya, ka taɓo inda ke min ciwo. Gidanmu a cikin ganuwa gidan ɗinkin hannu ne. Kakana yana zana aska takwas da aska biyu a kan riga da alƙalamin kara da tawada, ba ya aunawa, idonsa ne ma'auni. Babbar riga ɗaya takan ci wata biyu zuwa uku, wani ya yi aljihu, wani ya yi wuya, mata a cikin gida su cike, sannan a kai wa mabuga su buga ta har ta yi ƙyalli. Sarakuna da hakimai daga nesa suke aikowa. Yanzu injin kwamfuta na fitar da kamarta a yini ɗaya. Wanda ya san riga ya san bambanci, amma masu sanin na raguwa. Mu shida mahaifinmu ya koya wa, ni kaɗai na rage a kai. Ɗana na fari ya ce min, "Baba, ni ba zan makance a kan allura ba." Ban yi fushi ba, gaskiya ya faɗa, idona na dama ya fara hazo. Abin da na roƙe shi kawai, ya ɗauki hoton zanen kakansa guda talatin da ke cikin adaka kafin asu ya cinye, ya kuma buɗe mana shafi a Instagram. Ya yi. Riga biyu muka sayar zuwa Nijar ta nan a bara.

Hauwa_ABU:
Baba Mai_Aska_Takwas, Allah ya ƙara lafiya. Ai wannan da ɗanka ya yi shi ma riƙon gado ne, ko bai kama allura ba. Don Allah ka turo sunan shafin ta akwatin sirri.

Sani_Dogo_77:
Ni fa ban ga abin yabo a su PZ da John Holt ba. Sun sayi gyaɗar kakanninmu a farashin da suka ga dama, sun kwashe riba sun kai Ingila. Dole su daɗe mana.

Baba_Reluwe:
Sani, akwai gaskiya a maganarka. Manyan kamfanonin kan haɗa baki su tsayar da farashi, bankin Turawa kuma su yake ba rance, ba baƙar fata ba. Mahaifina ya ba ni labarin yadda manomi zai kawo auduga a kan jaki tun asuba, akawun sikeli ya ce ta yi datti, ya sauke mata daraja, ba ka da wurin kai ƙara. Amma ka tuna a cikin wannan matsin ne Ɗantata ya yi kai. Kuma kamfanonin Turawan ma da yawa sun mutu ko an haɗiye su, sunayensu ma an manta. Ba launin fata ke riƙe kamfani ba.

Ustaz_Tudun_Wada:
Akwai wanda ya tambaye ni ta gefe ko uba zai iya yin wasiyya ya bar wa ɗa ɗaya masana'anta don kada ta watse. Amsa a nan don kowa ya amfana: babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwar. Wasiyya ga wanda ba magaji ba kuma ba ta wuce sulusi. Kyauta a lokacin da mutum yake da lafiya ta halatta idan wanda aka ba ya karɓa ya mallaka, amma an hana fifita wani ɗa a kan wani, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne a kan haka. Abin da uba zai yi ba tare da shiga haƙƙin kowa ba shi ne ya bambance mallaka da shugabanci. Mallaka ta kowa ce bisa rabonsa. Shugabanci kuwa a ba wanda ya iya, a yanka masa albashi, ya riƙa kawo lissafi. Ko ƙaramin ɗa ne, ko mace ce, ko ma yaron gidan da ya yi shekara talatin a bakin injin.

Gimbiyar_Kwarbai:
"Ko mace ce." Malam, a gidanmu ni ce na karanta lissafin kuɗi, amma ko sau ɗaya ba a kira ni zama ba. Wai na yi aure na zama ta wani gida.

Hauwa_ABU:
Anti, ga shi kuwa misalin da aka fi kawowa a zauren nan ta wajen 'ya mace ya bi. Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata ce mahaifiyar Ɗangote.

Lauya_Hanwa:
A Indiya gidan Tata wata hanya suka bi da ta yi kama da waƙafi. Jamsetji Tata ya fara a 1868, shi ma da auduga ya yi ƙarfi, ya buɗe masaƙa a Nagpur a 1877, 'ya'yansa suka kafa masana'antar ƙarfe a 1907. Kusan kashi biyu cikin uku na uwar kamfanin yau na hannun gidauniyoyin taimako da 'yan gidan suka kafa, ribar na tafiya asibitoci da makarantu. Ba wani jika da zai tashi ya ce a sayar a ba shi nasa. Malam zai fi ni sanin yadda waƙafi zai yi aiki a irin wannan a wurinmu.

Tsohon_Masaƙa:
Ku dai ku kawo wuta tukuna. Ku zagaya Chikaji da Dakace ku ƙirga masana'antun da ke aiki da waɗanda ciyawa ta rufe ƙofarsu, sannan mu dawo maganar waƙafi.

Ɗan_Muchiya:
Na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Har yanzu dai ba wanda ya ambata min masana'antar gida a Zariya da ta kai jikoki, ban da turmin Hajiya Maman_Sadiya da allurar Baba Mai_Aska_Takwas, kuma na karɓe su hannu biyu. Idan akwai wanda ya san wata, ina jira.

Wani abu ya faru da safen nan. Na je gaida gwaggona, autar su mahaifina, na ba ta labarin wannan hirar. Ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafan lissafin kakana guda huɗu masu bangon fata, da dutsen sikeli ɗaya na tagulla, da hatiminsa. Ta ce ranar da ake fitar da injin ta ɓoye su a cikin zaninta, shekara talatin da wani abu ba wanda ya tambaya. Duk da ajami ya rubuta, shafi bayan shafi, sunayen mutane da garuruwa, Giwa, Soba, Maƙarfi, Ikara, da lambobi a gefe. Wasu sunayen an ja masu layi, wasu ba a ja ba. Gwaggo ta ce waɗanda ba a ja ba bashi ne, amma ba ta sani ba ko shi ke bin su ko su ke bin sa.

Ajamina bai kai in karanta hannunsa ba. Akwai mai iya taimaka min?

Ustaz_Tudun_Wada:
Ka kawo su ranar Asabar bayan la'asar, zan turo maka kwatance. Idan ya tabbata ana bin sa, sai ku zauna da sauran magada a nemi zuriyar masu haƙƙin, bashi ba ya tsufa. Ka taho da gwaggon idan za ta iya, za ta gane sunayen da mu ba za mu gane ba.

Baba_Reluwe:
Ɗana, idan kun ga sunan wani daga Soba mai kawo gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970, ka sanar da ni. Kawuna ya yi wannan harkar, kuma wani mai inji a Sabon Gari yake kai wa.

Maman_Sadiya:
Kada ka bar littattafan a leda, gumi zai lalata su. Ka naɗe su a farin ƙyalle, ka sa ɗan kanumfari a cikin akwatin saboda asu.